Tsohuwa Mai Roƙon Toka

Shekarun baya can, shekara guda ko biyu kafin soja su miƙa mulki ga farar hula karon farko, muna zaune a unguwar Laranto, cikin Jos, ni da maigidana da 'ya'yanmu uku da mahaifiyata. Ba tatsuniya zan yi muku ba. Abin da idona ya gani ne, kuma wadda zan ba ku labarinta ta daɗe da barin duniya. To, ku saurara.

A wancan lokaci akwai wata tsohuwa da take shigowa unguwarmu duk Talata da Juma'a, da ƙaton daro a kanta. 'Yar asalin duwatsun nan ce, Kirista, daga wajen Naraguta take tahowa a ƙasa. Ba talla take yi ba, ba kuma bara ba. Toka take nema. Gida gida take bi, a kwashe mata tokar murhu, a share mata turken awaki, ita kuma ta ajiye wa mutum ɗaurin alayyafo, ko ganyen kabeji na baya a ba awaki. Hausarta irin ta mutanen dutse ce, ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

Mu matan unguwa dariya muke yi mata. Ni ce ma kan gaba, Allah ya yafe mini. Wata rana tana durƙushe tana kwasar tokarmu na ce, "Mama, wai duk tokar nan sabulu kike yi da ita, ko kuwa miya ce ta mutum ɗari?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kai dai ba ni. Abinci ne."

"Abincin wa?"

"Na ƙasa. Shi ma yana jin yunwa."

Muka bushe da dariya har maƙwabciyata tana riƙe ciki. Tsohuwa ta naɗe gammonta, na ɗora mata daro, ta yi mana sai an jima, ta tafi abinta.

Aka kwana, aka tashi. Maigidana lebura ne a wurin haƙar kuza, tun yana saurayi yake riƙe da diga da shebur. A shekarar nan kamfani ya rage aiki, aka sallame su da yawa, har da shi. Ya nemi gadi bai samu ba, ya nemi dako a tasha ya tarar masu neman sun fi kayan yawa. Bayan an gama girbi, wata rana da la'asar ya kira ni ya ce, "Zaman nan ya ƙare mana. Da zarar ruwan farko ya sauka, mu tattara mu koma garinmu. Gonar mahaifina tana nan, ko ba komai ba ma rasa tuwo ba."

Garinsu can ƙasar Katsina ne. Ni kuwa a Jos aka haife ni, amma ba wannan ce damuwata ba. Damuwata Inna, mahaifiyata. Ƙafafunta sun kumbura, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai an riƙe ta, kuma duk cikin 'ya'yan da ta haifa ni kaɗai na rage. Maigida ba mugu ba ne, ya ce a tafi da ita. Da na gaya mata sai ta daɗe tana kallon ƙafafunta, sannan ta ce, "Jikin nan ba zai kai ko Zariya a bayan mota ba, kin sani na sani. Ki bi mijinki. Maƙwabta ba sa bari in mutu da ƙishirwa ba."

Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan ba. Na koma wurin maigida na ce, "Malam, idan na samo abin da za mu ci a garin nan fa?"

Ya ce, "A ina?"

Na juya na koma kan aikina. Sai ranar Juma'a da tsohuwar nan ta zo, na ɗora mata daro kamar kullum, na ji bakina yana cewa, "Mama, zan raka ki in ga mai cin tokar nan." Na yafa mayafi na bi ta.

Wanda bai ga bayan Naraguta a wancan zamani ba, ba zai gane ba. Tsibi tsibi ne na jar ƙasa da farar tsakuwa, kamar an yi wa duniya fiɗa an tafi an bar ta. Ba itace, ba ciyawar kirki. Ga manyan ramuka cike da ruwa, shiru, ko tsuntsu ba ya kuka. Muna cikin tafiya muka zagaya wani tsibi, sai ga lambu a bakin wani kududdufi, kore shar, har yana ɗaukar ido. Kabeji, karas, latas, albasa, ga wake yana bin gefe. Na tsaya na ce, "La'ilaha illallahu. Mama, wa ya ba ki nan?"

Ta ce, "Gonan babanmu ne. Kamfani ya karɓa, ya cire abin da yana so, ya tafi. Ni na dawo."

Na zauna a kan dutse na gaya mata halin da nake ciki, ban ɓoye komai ba. Ta saurara tana tsinke ciyawa. Da na gama sai ta nuna mini wani fili a ƙasan nata, ja wur, ta ce in ina so in taɓa, ta ba ni aro. Ta ƙara da cewa, "Amma kada ka yi sauri. Zan je Kirsimeti wurin yarinyana a kan dutse, sati biyu. Ka tara toka, ka tara kashin akuya, ka jira ni."

Da na gaya wa maigida wurin, sai ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ce, "Can? Ai da hannuna na haƙa wurin. Ƙasar kirki tana can ƙarƙashi, mun kife ta, mun ɗora mata tsakuwa tsayin mutum uku. Ba rai a wurin nan. Amma je ki, don kada gobe ki ce ni na hana ki."

To, a nan ne na yi wautata. An ce in jira, ni kuwa ina ƙirga kwanakin da suka rage kafin ruwa, sai na ga sati biyu kamar shekara. Na ce a raina, mene ne a cikin abin nan? Ba toka ba ce? Idan daro ɗaya yana sa kabeji ya yi kai, ai daro goma zai sa ya yi kamar kan bijimi. Na je gidan burodi na bakin titi, inda suke zubar da toka tuli guda kullum, na dinga jida tun tana da ɗumi. Na samo dashen tumatir, na cika filin nan kaf, tun daga sama har bakin ruwa. Kowane tushe na tula masa toka har wuya. Sannan wani abokin maigida ya ba mu ragowar takin zamani, irin farin nan mai kama da gishiri da gwamnati take rabawa a shekarun, na bi na barbaɗa a kan tokar, na kwarara ruwa. Na tsaya na riƙe ƙugu ina kallon aikina, ina cewa tsohuwa za ta dawo ta tarar 'yar birni ta fi ta.

Kwana uku ganye ya fara naɗewa. Kwana biyar ya koma ruwan ƙasa. Ran na bakwai, in ka taɓa shi sai ya marmashe a hannu. Ko tushe ɗaya bai tsira ba.

Ranar da tsohuwa ta dawo ta same ni zaune a tsakiyar filin. Ta zagaya, ta tsuguna, ta tona gindin guda, ta shinshina yatsunta. Ta dube ni ta ce, "Yaranka nawa?"

Na ce uku.

"Ranar da ka haife su, tuwo da yaji ka ba su?"

Na sunkuyar da kai. Ina jira ta ce in bar mata filinta. Sai ta ce, "Tashi. Kuka ba ya jiƙa gona. Kawo fartanya."

Ta kai ni cikin nata lambun, wurin da ya fi ko'ina kyau, inda kabejinta ya fara naɗe kai. Ta sara ƙasa ta buɗe, ta ce in duba. Daga sama baƙa ce wuluk, mai laushi, zurfinta bai wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba. Daga nan sai ja, irin tawa. Ta ɗebo baƙar ta zuba mini a hannu, sai ga tana tana motsi a ciki, har na zabura na kusa yarwa.

Ta ce, "Kada ka yar! Ma'aikatana ne, ba na biyan su." Ta auna baƙin da yatsunta ta ce, "Wannan, tun ana yaƙi na fara shi. Da kai na ɗauko shi daga gidajenku, kuna dariya."

Na mayar da tanar cikin ƙasa a hankali.

Sai ta yi abin da har yau ban manta ba. Ta fara tumɓuke kabejin nan nata, wanda saura 'yan makonni ya isa kasuwa, tana jefawa gefe. Na riƙe hannunta na ce, "Mama, lafiya? Me kike yi haka?" Ta fizge ta ce, "Ruwa ba zai jira ka ba. Takin da za mu haɗa sai ya yi wata biyu kafin ya nuna. Kafin nan fa, mamanka zai ci me?"

Baƙar ƙasar fangalin nan gaba ɗaya ta sa muka kankare, muka dinga jida a daro muna kaiwa filina. Ta hana ni taɓa sauran filin. Fangali huɗu kawai ta shata, ƙanana, kowanne bai fi tabarma biyu ba. Muka kwashe tokar da na tula, muka sassaƙe jar ƙasar, muka gauraya ta da tata. Na ce, "Mama, ɗan wannan zai ishe mu?" Ta ce, "Kai ba ka taɓa ganin yadda Fulani yana yin kindirmo ba? Tsohon nono kaɗan ake zubawa a sabon madara. Sauran, shi zai yi da kansa." Ta ce in manta da tumatir a bana. Alayyafo da latas muka shuka, masu saurin tashi, da wake a gefe, muka lulluɓe da busasshiyar ciyawa don kada rana ta sha ruwan.

Daga nan ta koya mini aikin na gaskiya. Toka ba a zuba ta da zafi, ba a zuba ta ita kaɗai, ba a kuma haɗa ta da farin takin nan a wuri ɗaya. Sai an tankaɗe ta an fitar da kwalba da gwangwani da mataccen batir. Sannan a rami ake jera su: ciyawa, kashin awaki, toka kaɗan, ɓawon rogo da ruɓaɓɓen ganye na kasuwa, abin cikin tumbin shanu daga kwata wurin mahauta, a yayyafa ruwa, a sake jerawa, a rufe. Bayan kwanaki a cusa hannu. In da zafi, yana dahuwa. In ya huce, ya yi baƙi, yana ƙanshin ƙasar da aka yi wa yayyafi, to ya nuna. Ganyen da ba ya sayuwa a kai wa awakin gari, awaki su bayar da kashi, kashi ya dawo gona. Ba abin da take yarwa, matar nan. Ko ruwan wankin kifi ba ta yarda a zubar a lambatu.

Haka na koma bin gidaje da daro, ni da nake dariya. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "A'a, yau kuma ke ce mai miyar mutum ɗari?" Na ce, "Ni ce. Akwai toka?" Tankaɗen kuwa Inna ta karɓa. A zaune a kan tabarma take yi, da tsohuwar rariya, ta ɗaure hanci da ɗankwali. In na ce ta huta sai ta ce, "Bar ni. Ƙafa ce ta mutu, ba hannu ba."

Matsala ɗaya ta rage: ramin takin. Ƙasar wurin tauri gare ta kamar dutse, kwana huɗu muna sara ni da tsohuwa ba mu kai gwiwa ba. Maigida kuwa ya ƙi taka wurin, ko labarin ba ya so. Ran Talata tsohuwa ta zo kwasar toka ta same shi zaune a ƙofar gida a kan benci. Ina daga zaure ina jin su.

Ta ce, "Sannu, Oga. An ce kai ne ka haƙa gonan babana."

Ya gyara zama ya ce, "Mama, aikin kamfani ne. Mu sa mu aka yi."

"Ban zo faɗa ba. An ce ka iya rami."

Ba ta jira amsarsa ba, ta ƙara da cewa:

"Shekara nawa kana yi wa Bature rami, ka tafi ka bar shi a buɗe. Zo ka yi mini guda ɗaya ƙarami, wanda za a cika."

Wallahi na ɗauka zai yi fushi. Sai na ji ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu." Kunya ce ta kai shi, ba yarda ba, wannan na sani.

Washegari ya saɓa digarsa muka tafi. Abin da ya gagare mu kwana huɗu, kafin azahar ya gama, gefe a miƙe kamar an sa ma'auni, har ya yi masa matakala. Tsohuwa tana tsaye tana cewa, "Kai, Oga! Ashe hannun nan ya san abin kirki." Da ya fito yana share gumi, sai idonsa ya sauka a kan fangalina huɗu. A lokacin alayyafo ya kai tsawon hannu, latas ya buɗe. Ya je ya tsuguna. Ya daɗe a tsugune. Ya cusa yatsa a ƙasa, ya zaro, ya duba, ya sake cusawa a jar ƙasar da ke gefe, taku ɗaya tsakani. Ya yi sallar azahar a kan wani dutse, muka dawo gida.

Kada in yi muku ƙarya, fangali huɗu ba su ciyar da gida ba. Miya suka ba mu, da ɗan abin da nake kaiwa kasuwa in dawo da mudun masara. Da takin ramin ya nuna muka ƙara fangali shida, su ma ba su isa yanka ba tukuna sai ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Maigida bai ce mun fasa ba, bai ce mu shirya ba. Ni kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Wata ranar Laraba da yamma ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, har da ƙanƙara. Yara suna ta tsalle a tsakar gida, ni ina ɗakin Inna ina matsa mata ƙafa, ba mai kallon wani a cikinmu.

Da gari ya waye na ji ana buga ƙarfe a ƙofar gida. Na fita na tarar da maigida a tsugune, ga wasu ƙafafun ƙarfe biyu masu tsatsa na irin keken da ake tura kuza da shi, ga guntayen katako da ya roƙo a wurin masu yankan katako, ga tsofaffin ƙusoshi yana miƙar da su ɗaya bayan ɗaya a kan dutse. Zuciyata ta ce akwatin kaya yake haɗawa. Na daure na ce, "Malam, me ake yi?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Amalanke. Daro nawa za ki ɗauka a ka kafin wuyanki ya karye? Filin nan in za a rufe shi duka, sai an yi shekaru ana kai masa. Ki tambayo mini tsohuwar, kwata ranar yaushe suke zubar da tumbi."

Na koma ciki da gudu, ni mai 'ya'ya uku, kamar yarinya. Inna ta ce, "Mene ne?" Na ce, "Amalanke yake yi." Ta gane. Ta ɗaga hannu biyu sama, ta daɗe ba ta sauke ba.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Yanzu ina jin masu ilimi suna zuwa da motoci suna koya wa manoma cewa kada a ƙona, kada a zubar, a mayar wa ƙasa abin da aka ɗauka daga gare ta. Gaskiya suke faɗa, Allah ya yi musu albarka. Ni dai a wurin matar da ba ta san ko harafi ɗaya ba na gani, kuma ba da baki ta koya mini ba. Shekara goma da wani abu ta yi tana tara ƙasar nan a kanta, ta kankare ta da hannunta ta ba wadda take yi mata dariya, ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba. Na sha tambayar kaina ko ni zan iya. Har yau ban ba kaina amsar da ta gamsar da ni ba.

Inna ta ƙara shekara huɗu a duniya. Ranar da za ta tafi, da hantsi ne, ta ce ƙishirwa take ji. Ba maƙwabta ne suka ba ta ruwan ba. Ni na tallafo kanta, ni na kai mata moɗa baki, ta sha, ta ce Allah ya yi mini albarka.